Tarihin Ferdinand Porsche, Injiniyan Da Ya Auna Ƙarfin Da Motar Talaka Ke Bukata

Duk ma'aikacin da ya tashi sayen mota, ko sabuwa ko ta hannu, da wuya ya rabu da dillali ba a yi maganar ƙarfin inji ba. Za a ce masa wannan doki 150 gare ta, waccan kuwa 200, kuma kowane ƙarin doki da nasa kuɗin, tun daga ranar ciniki har zuwa duk ranar da zai tsaya a gidan mai. Amma ba kasafai akan tsaya a tambayi ko doki nawa ne zai kai mutum ofis da safe, ya komo da shi gida da yamma, ya kuma kai iyalinsa garinsu ran Salla ba.

Akwai wani injiniya da ya shafe shekaru masu yawa a kan wannan tambaya. Sunansa Ferdinand Porsche, shi ne ya jagoranci tsara motar nan Volkswagen Beetle, wadda a ƙasar Hausa aka fi sani da Bosuwaja. Mutumin nan ya ƙera motocin tsere masu ƙarfin doki fiye da 500, kuma shi ne dai ya nuna wa duniya cewa ƙasa da doki 25 ya isa ya ɗauki magidanci da matarsa da 'ya'yansu uku. Sai dai hanyar da ya bi ya cika wannan buri nasa ta bar wa sunansa tabo, kuma tarihinsa ba ya cika sai an haɗa da wannan.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Ferdinand Porsche ran 3 ga watan Satumba, 1875, a garin Maffersdorf cikin lardin Bohemiya, wanda a zamanin yake ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari, yanzu kuwa yana cikin Jamhuriyar Cek. Ubansa, Anton, maƙeri ne mai aikin kwano da famfo, kuma ya so ƙwarai ɗan nan ya gaje shi. Shi kuwa yaron hankalinsa na kan wutar lantarki, wadda a lokacin sabon abu ce. Da rana yana taya ubansa aiki, da dare yana zuwa makarantar koyon sana'a a garin Reichenberg, har ya kai ga sa wa gidansu fitilun lantarki da hannunsa.

Cikin 1893, yana ɗan shekara 18, ya tafi birnin Biyana ya kama aiki a kamfanin kayan lantarki na Béla Egger. In an tashi daga aiki sai ya shiga jami'ar fasaha ta birnin ya zauna ya saurari darasi, ba tare da sunansa yana cikin rajista ba. Bai taɓa zama ya ci jarrabawar digiri ba. Digirin dakta da aka riƙa kiransa da shi daga baya na girmamawa ne, jami'o'in fasaha na Biyana da Stuttgart suka ba shi saboda ayyukansa.

Daga nan ya koma kamfanin Lohner, masu ƙera wa fadar sarki kekunan doki, waɗanda suka hango cewa zamanin doki ya kusa wucewa. A babban baje kolin duniya da aka yi a birnin Faris cikin 1900 aka nuna motar da ya tsara musu. Da batir take aiki, kuma an sa mata ƙaramin injin lantarki cikin kowace tayar gaba, kowanne ƙarfinsa kimanin doki biyu da rabi. Motar ta jawo hankalin jama'a, amma nauyin batirinta kaɗai ya haura kilo 400. A nan saurayin ya fara gane cewa nauyi shi ne babban abokin gāban mota, gama duk abin da aka ɗora mata sai inji ya biya. Don ya rage yawan batir, sai ya haɗa mata injin fetur mai juya janareta, watau irin tsarin nan na haɗa fetur da lantarki da kamfanonin motoci suka komo kansa bayan kusan shekara ɗari.

Cikin 1902 ya yi aikin soja na dole, har ya tuƙa Yarima Franz Ferdinand, wanda kashe shi da aka yi a 1914 ya tayar da Yaƙin Duniya na Farko. Ya auri Aloisia Kaes a 1903, suka haifi 'ya mace, Louise, da ɗa namiji wanda aka fi sani da Ferry.

MANYAN MOTOCI DA ƘARAMIN BURI

A 1906 kamfanin Austro-Daimler ya ɗauke shi ya zama shugaban sashen tsare-tsare. A wurinsu ya ƙera motocin alfarma, da injunan jiragen sama, da manyan motocin jan igwa lokacin yaƙi. A gasar motoci ta Yarima Heinrich da aka yi a 1910 shi da kansa ya tuƙa motar da ya tsara, ya zo na ɗaya.

Da yaƙi ya ƙare a 1918 daular ta wargaje, talauci ya rufe Ostiriya, masu sayen motocin alfarma suka yi ƙaranci. Porsche ya ga cewa kasuwar gaba tana wurin ƙaramar mota mai araha. Cikin 1922 ya ƙera wata 'yar mota mai suna Sascha, injinta bai wuce lita ɗaya da 'yan kai ba, ta je tseren Targa Florio a tsibirin Sisili ta ci na ɗaya da na biyu a ajinta. Duk da haka daraktocin kamfanin suka ƙi zuba kuɗi a ƙera ta don sayarwa. Shi kuwa mutum ne mai zafin rai, ba ya jure a ja da shi a kan aikinsa. A 1923 ya bar su ya tafi kamfanin Daimler a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus.

A can ya tsara manyan motocin Mercedes masu suna S da SS da SSK, waɗanda ƙarfin na ƙarshensu ya haura doki 200, suka yi ta cin tsere a ƙasashen Turai. Amma da ya sake tayar da maganar ƙaramar mota, bayan an haɗe kamfanin Daimler da na Benz a 1926, ra'ayinsa da na daraktoci bai zo ɗaya ba. Ya bar su, ya koma kamfanin Steyr a Ostiriya cikin 1929. Bai daɗe ba tattalin arzikin duniya ya karye, ya wayi gari ba shi da aiki, yana da shekara fiye da hamsin.

Cikin watan Afrilu, 1931, ya buɗe ofishinsa na kansa a Stuttgart, yana tsara wa kamfanoni motoci suna biyansa. Abokan tarayyarsa su ne surukinsa Anton Piëch, lauya, da Adolf Rosenberger, ɗan kasuwa kuma direban tsere, wanda ya taimaka da jari. Kamfanonin babur guda biyu, Zündapp da NSU, kowanne ya sa shi ya tsara masa ƙaramar mota mai inji a baya, kowanne kuma ya janye bayan an ƙera na gwaji. A 1932 gwamnatin Tarayyar Sobiyat ta gayyace shi, ta yi masa tayin babban muƙami a masana'antun motocinta, bai karɓa ba.

Sai ga Hitila ya hau mulkin Jamus a 1933, yana son abu biyu da za su ɗaukaka sunan gwamnatinsa: motocin tsere da za su kā da na sauran ƙasashe, da motar da ma'aikaci zai iya saye. Porsche ya samu aikin duka biyu. Motar tseren da ya tsara wa kamfanin Auto Union silinda 16 gare ta, ta fara da doki 295 a 1934, ta kai 520 a 1936. Cikin watan Janairu, 1934, ya miƙa wa gwamnati takardar shawara a kan motar jama'a, a watan Yuni kuma aka sa hannu a kwangila. Sharuɗɗan su ne motar ta ɗauki manya biyu da yara uku, ta yi gudun kilomita 100 cikin sa'a, kada ta sha fiye da kimanin lita 7 na fetur a tafiyar kilomita 100, kuma kuɗinta kada ya kai mak 1,000.

LISSAFIN DOKI

Kafin a gane yadda ya warware wannan matsala, ya kamata a san abin da ake nufi da ƙarfin doki. James Watt, injiniyan ƙasar Sikotilan wanda ya rasu a 1819, shi ne ya ƙago wannan ma'auni don ya kwatanta wa masu saye aikin injinsa na tururi da aikin dawakin da suka saba da su. Bisa ma'aunin da Jamusawa ke bi, doki ɗaya shi ne ƙarfin da zai ɗaga nauyin kilo 75 ya yi sama da shi mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya.

Mota tana kashe ƙarfinta a wuri uku. Na farko gogayyar taya da hanya, wadda ke ƙaruwa gwargwadon nauyin motar. Na biyu iskar da take kutsawa. Na uku kuwa jan nauyin nan nata, ko lokacin da za ta tashi daga tsaye, ko lokacin hawan tudu. A cikin gari, inda gudu bai wuce kilomita 50 ba, iska ba ta da wani tasiri, mota mai matsakaicin girma tana tafiya a miƙe da ƙasa da doki 10. Amma da zarar gudu ya ƙaru sai iska ta zama ita ce babba, domin in aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ake bukata a keta iska yakan ninku sau takwas. Wannan ne dalilin da ya sa kimanin doki 20 ya isa a riƙe gudun kilomita 100 a shimfiɗaɗɗiyar hanya, alhali mai son gudun kilomita 200 sai ya nemi fiye da doki 100. Hawan tudu kuma da nasa lissafin. Mota mai nauyin kilo 1,000, in tana gudun kilomita 60 a hanyar da ke ɗagawa mita 5 cikin kowace mita 100, tana bukatar ƙarin doki kamar 11 a kan abin da take ci a fili.

Da yake babban inji kuɗi ne wajen ƙira, kuɗi ne kuma wajen mai, Porsche da mutanensa suka bi ta ɗaya gefen, watau suka rage abin da ke cin ƙarfin. Suka tsare nauyin motar a kimanin kilo 700. Erwin Komenda ya zana mata jiki mai doro wanda iska ke zamewa a kansa. Aka sa injin a baya, nauyinsa ya danne tayoyin da ke tura motar, ta haka aka huta da dogon ƙarfen da ke kai juyi daga gaba zuwa baya, motar kuma ta samu kama ƙasa cikin taɓo da rairayi. Ba a sa mata lagireto ba, fanka ce ke hura wa injin iska, saboda haka babu ruwan da zai tafasa da zafi ko ya daskare da sanyi, abin da ke da muhimmanci ga talakan da ba shi da gareji.

Injin kansa, wanda Franz Xaver Reimspiess ya tsara a ofishin, silinda huɗu ne a kwance, biyu suna fuskantar biyu, girmansa bai cika lita ɗaya ba, ƙarfinsa kimanin doki 23 da rabi. Da gangan aka hana shi saurin juyi, aka tsayar da shi wajen juyi 3,000 cikin minti, aka kuma ba motar doguwar giya ta huɗu. Amfanin wannan shi ne direba yana iya taka totur har ƙasa ya wuni yana gudun kilomita 100 injin bai wahala ba. Da an so a matso ƙarin doki daga cikinsa da an samu, amma da kwanansa ya ragu.

Ba a ce duk dabarun nan daga kansa kaɗai suka fito ba. Injiniyoyi irin su Hans Ledwinka na kamfanin Tatra, da Béla Barényi, da Josef Ganz, sun yi aiki a kan irin wannan tsari a shekarun nan. Kamfanin Tatra ya kai ƙara, kuma bayan yaƙi kamfanin Volkswagen ya biya diyya aka kashe maganar. Abin da Porsche ya fi su shi ne ya samu gwamnatin da za ta zuba kuɗi ba iyaka, ya kuma gwada motar gwaji mai tsanani. A ƙarshen 1936 motoci uku suka yi tafiyar kimanin kilomita 50,000 kowacce. A 1937 aka ƙera talatin, suka haɗa tafiyar kilomita miliyan 2 da dubu 400 a tsakaninsu, ana rubuta duk abin da ya lalace ana gyarawa. Ya kuma je Amurka a 1936 da 1937 ya ga yadda kamfanin Ford ke ƙera motoci da yawa cikin ɗan lokaci.

Ƙarancin ƙarfin nan yana da nasa aibin. Motar ba ta da kuzarin tashi, in an cika ta da mutane da kaya tana jan jiki a tudu, wuce babbar mota kuwa sai direba ya hango fili mai nisa. Amma sannu ba ta hana zuwa, kuma abin da aka nema daga gare ta ta cika shi.

LADAN KUTURU

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. A 1934 Porsche ya ajiye takardar zama ɗan ƙasar Cekoslobakiya ya karɓi ta Jamus, a 1937 ya shiga jam'iyyar Nazi, daga baya kuma aka ba shi muƙamin girmamawa a rundunar SS. Abokin tarayyarsa Rosenberger, da yake Bayahude ne, ya rasa hannun jarinsa a kamfanin a 1935 kan kuɗi kaɗan, aka kama shi aka tsare a sansani, da ya fito ya bar ƙasar, ya ƙare rayuwarsa a Amurka.

Ran 26 ga watan Mayu, 1938, Hitila ya aza harsashin ginin masana'antar motar kusa da garin Fallersleben, wurin da yanzu ake kira Wolfsburg. Aka yanka wa motar kuɗi mak 990. Aka buɗe wa ma'aikata asusun tari, kowa ya riƙa biyan mak 5 a mako ana manna masa kan sarki a kati, in kati ya cika ya karɓi motarsa. Mutum wajen 336,000 suka shiga, akawuna da malaman makaranta da masu ƙananan sana'o'i, kowa yana tsame wani abu daga kuɗin cefanensa. Ko ɗaya daga cikinsu bai karɓi mota ta wannan hanya ba. Yaƙi ya ɓarke a watan Satumba, 1939, aka juya masana'antar ga aikin soja, 'yan motocin farar hula da aka ƙera kuwa manyan gwamnati da na jam'iyya aka ba. Sai a 1961, bayan doguwar shari'a, aka daidaita da masu tarin a kan ragin da bai wuce mak 600 ba in za su sayi sabuwar mota, ko kuwa tsabar kuɗi da ba su wuce mak 100 ba.

A kan ƙashin motar talakan nan aka gina ƙaramar motar soja mai suna Kübelwagen, aka ƙera kimanin 50,000, suka yi aiki daga saharar Libiya har zuwa ƙanƙarar Rasha. Porsche ya shiga tsara tankokin yaƙi kuma, a nan ne ya saki darasin da ya koya tun yana saurayi. Tankarsa mai suna Maus nauyinta tan 188, injinta ya haura doki 1,000, amma gudunta bai wuce kilomita 20 cikin sa'a ba, gadoji kuma ba su iya ɗaukarta. Biyu kaɗai aka ƙera na gwaji.

Mafi muni duka shi ne yadda aka tafiyar da masana'antar da yake cikin shugabanninta. Mutum wajen 20,000 aka sa aikin tilas a cikinta lokacin yaƙin, fursunonin yaƙi, da mata da maza da aka kwaso daga Folan da Tarayyar Sobiyat, da waɗanda aka ɗebo daga sansanonin gwale-gwale. Da yawa sun mutu saboda yunwa da cuta da duka, har da ɗaruruwan jariran da matan suka haifa aka raba su da su. Binciken da masanin tarihi Hans Mommsen ya jagoranta, wanda aka buga a 1996, ya bayyana wannan filla-filla, a 1998 kuma kamfanin ya kafa asusun biyan waɗanda suka rage da rai.

KURKUKU DA ƘARSHEN RAYUWA

Cikin watan Disamba, 1945, hukumomin Faransa suka kama shi a garin Baden-Baden tare da ɗansa Ferry da surukinsa Piëch, bisa zargin hannu a tura Faransawa aikin tilas. An saki ɗan bayan 'yan watanni. Tsohon kuwa, yana da shekara 70, ya yi kusan wata 20 a tsare, wani ɓangare a kurkukun Dijon, inda lafiyarsa ta raunana. A lokacin da yake hannunsu ma sai da aka nemi shawararsa a kan ƙaramar motar Renault 4CV. Ferry ya karɓi kwangilar tsara motar tsere daga kamfanin Cisitalia na Italiya, da kuɗin aikin aka biya belin uban da surukin, aka sake su a watan Agusta, 1947. A 1948 kotun Faransa ta wanke shi daga tuhumar da aka yi masa. A kan abin da ya faru da ma'aikatan tilas na Wolfsburg kuwa ba a taɓa hukunta shi ba.

Yana tsare motarsa ta tashi ba da shi ba. Wani hafsan sojan Ingila, Manjo Ivan Hirst, ya tarar da masana'antar bama-bamai sun lalata ta, ya shawo kan hukumar sojan ƙasarsa ta yi odar motoci 20,000, aiki ya kankama. Manyan masu ƙera motoci na Ingila da na Amurka da suka duba ta ba su ga abin so a jikinta ba. A watan Janairu, 1948, aka damƙa masana'antar a hannun Heinrich Nordhoff, wanda ya riƙe tsarin motar yadda yake, yana ta gyara shi kaɗan-kaɗan.

A shekarar nan ta 1948, a garin Gmünd na Ostiriya, Ferry ya ƙera mota ta farko da ta ɗauki sunan gidansu, watau Porsche 356. Injin Beetle aka gyara ya ba da doki 35, nauyin motar kuwa kilo 585, sai ga ta tana gudun kilomita 135 cikin sa'a. Ɗan ya bi lissafin uban ke nan. A watan Nuwamba, 1950, tsohon ya ziyarci Wolfsburg ya ga motocinsa suna fitowa a jere. Ba a jima ba ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Stuttgart ran 30 ga watan Janairu, 1951, yana da shekara 75. An binne shi a Zell am See cikin ƙasar Ostiriya.

ABIN DA YA BARI

A watan Agusta, 1955, aka ƙera Beetle ta miliyan ɗaya. Ran 17 ga watan Fabrairu, 1972, yawanta ya wuce na motar Ford Model T, wadda aka ƙera fiye da miliyan 15, ita ma kuwa doki 20 ne ƙarfinta. Da hanyoyi suka gyaru, motoci suka yawaita, an riƙa ƙara wa injin ƙarfi a hankali: doki 25 a ƙarshen yaƙi, 30 a 1954, 34 a 1960, 40 a 1965, har zuwa 50 a 1970. An ƙera ta ƙarshe a garin Puebla na ƙasar Meziko ran 30 ga watan Yuli, 2003, jimla ta kama 21,529,464, kuma ita ma ta ƙarshen ƙarfinta bai wuce doki 50 ba.

A Nijeriya an fara harhaɗa ta a Ikko cikin 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, kuma shekarar da ma'aikatan gwamnati suka karɓi kuɗin Udoji. Ga malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da yawa ita ce motarsu ta fari. Ita kanta Fijo 504, wadda ta yi shekaru tana jigilar fasinja da kayansu tsakanin Kano da Ikko, irin da aka saba gani ƙarfinta bai kai doki 100 ba.

Motocin yanzu sun fi na da nauyi, saboda ƙarfafa jikinsu da aka yi don kare rai in an yi haɗari, da na'urar sanyaya ɗaki wadda ita ma tana cin dawaki kaɗan. Saboda haka doki 25 ba zai wadatar da su ba. Amma lissafin yana nan yadda yake. Beetle mai doki 50 tana da kimanin doki 6 ga kowane kilo 100 na nauyinta. In aka bi wannan gwargwado, motar iyali mai nauyin kilo 1,300 tana bukatar wajen doki 80 ta yi abin da waccan ta yi. In aka ƙara mata 20 ko 30 saboda wuce manyan motoci cikin aminci, da lodin iyali, da hawa irin na Jos, inda tsawon wurin ke rage wa inji kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa saboda ƙarancin iska, to an gama biyan bukata. Dokar hanya a Nijeriya ta tsayar da gudun ƙananan motoci a kilomita 50 cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. Abin da ya haura wannan bukata mai shi yana biyan kuɗinsa, yana ɗauke da nauyinsa, amma da wuya ya samu inda zai more shi.

A 1999 wani kwamitin 'yan jaridar motoci na ƙasashen duniya ya zaɓi Ferdinand Porsche a matsayin injiniyan mota na ƙarni na 20. Ɗalibin da ke karatun injiniya yana da abin koyi a wurinsa, watau a fara auna aikin da za a yi kafin a zaɓi ƙarfin da za a sa, daidai ruwa daidai tsaki. Yana kuma da abin tsoro, gama mutumin ya ƙware wajen lissafin nauyin ƙarfe da ƙarfin inji, amma bai tsaya ya tambayi wanda yake yi wa aiki ba, ko waɗanda aka tilasta su yi masa. Masu tarin mak biyar-biyar da ma'aikatan tilas na Wolfsburg su ne suka biya kuɗin wannan rashin tambaya.